Kilo Goma Sha Biyar Cif

Duk saurayin da ya tsaya bakin shagona a unguwar Kalle ta Yamai ya ga sandunan ƙarfe jingine da bango, magana ɗaya yake yi: "Baba Isufu, wannan ai ba aiki ba ne. Ka yanko ƙarfe, ka rataya nauyi dama da hagu, shi ke nan." Nakan ce masa to madalla, ga ƙarfe can, ga zarto, bisimilla. Har yau ban ga wanda ya tuɓe riga ba. Ku yaran yanzu kun iya shiga sal, ɗakin motsa jiki, ku kumbura ƙirji gaban madubi ku ɗauki hoto, amma sandar da ke hannunku ba ku san wace iri ba ce, balle dalilin da ya sa aka ƙera ta haka. Ban ga laifinku ƙwarai ba. Ni da nake ƙera ta, sai da na yi furfura kafin wata 'yar manomin shinkafa ta zaunar da ni ta koya mini.

Sandar farko da na taɓa yi, a shagon maigidana Baba Hamani na yi ta. Bazabarme ne, gajere, mai faɗa kamar ya ari baki. Ni kuwa Bagobiri ne daga wajen Tibiri, aka kawo ni Yamai koyon walda, kun kuwa san tsakanin Bagobiri da Bazabarme ko gaisuwa sai da tsiya. Shekara biyu ban taɓa injin walda ba, sai shara da riƙe ƙarfe. Shekara ta uku ya bar ni na tsaya gaban tur, injin nan da ke juya ƙarfe ana fere shi kamar rogo. Wata rana wani ɗan kokowa ya zo yana son abin da zai riƙa ɗagawa kafin lokacin wasa. Baba Hamani ya aike ni kasuwar Katako na sayo sandar da ke juya tayar baya ta wani mataccen kamyo, babbar motar kaya, muka cika gwangwanin madara biyu da siminti muka dasa a bakunanta. Mutumin ya ɗaga da hannu ɗaya ya ce mun raina shi. Muka cire gwangwanaye, muka liƙa masa ƙarafan birki biyu-biyu. Ya yi nishi, ya yi zufa, ya kasa, sai ya yi dariya ya ce ita yake so.

Haka sana'ar take a lokacin. Ɗan kokowa ba ya tambayar kilo. Tambayarsa ɗaya ce: "Wane ya iya ɗaga ta?" In ka ce a'a, ciniki ya faɗa.

Wurin Baba Hamani na koyi yi wa sanda tsaga, wato wannan ƙaiƙayin da ake yi a wurin riƙo don kada zufa ta sa ta zame. Shi ya raɗa mata suna. Yakan ce, "Kai Bagobiri, yi mata irin ta fuskar kakanka, mai zurfi, a gani daga nesa." Nakan yi ta mai zurfi kuwa, har wanda ya riƙe ta sati guda tafin hannunsa ya koma kamar na maƙeri. Masu saye suna jin daɗi, a ganinsu alamar jarumta ce.

Da na buɗe shagona, sal-sal suka fara tsirowa a kowace unguwa, mutane suka fara zuwa da hoto a waya. Wani ya nuna mini wata gajerar sanda mai lanƙwasa-lanƙwasa, na yi dariya na ce masa wannan ai mota ce ta taka ta. Ashe da gangan ake yi, don mai naɗe dantse ya riƙe a karkace, wuyan hannunsa ya huta. Na ɓata ƙarfe uku kafin lanƙwasar dama da ta hagu su yi daidai. Wani Alhaji ɗan kasuwa da likita ya ce ya rage tumbi, ga shi da ciwon baya, ya kawo hoton wata mai siffar bakin rijiya, mutum ya tsaya a tsakiyarta ya kama hannu biyu a gefe ya miƙe tsaye, ba sai ya ranƙwafa gaba ba. Na yi masa. Ya ɗaga sau huɗu, na ji labari yanzu a kanta ake shanya tawul. Sai kuma doguwar nan ta masu aza nauyi a bayan wuya su tsugunna su tashi. Ita kauri take so, ta tsaya ƙyam ba lilo, a yi mata tsaga har a tsakiya don ta kama riga kada ta sulale daga baya. Wannan na ƙware a kanta, har na ɗauka duk wata doguwar sanda a duniya ita ce.

Sai shekarar wahala ta zo. 'Yan kasuwa suka fara sauke sanduna 'yan waje, farare tas, kana ganin fuskarka a jiki, ga araha. Masu sal suka juya mini baya gaba ɗaya. Wata takwas ban sayar da sanda ko ɗaya ba. Na koma ƙofa da taga da ɗan murhun shayi, ni da ake layi a bakin shagona. Tur ɗina har gizo-gizo ya yi saƙa a kansa. Allah da ikonsa, masu arahar nan ba su yi ƙarko ba, aka fara kawo mini su a lanƙwashe kamar baka wai in miƙar. A nan na yi rantsuwa: sandar Isufu ba za ta taɓa ranƙwafawa ba. Na ƙara wa nawa kauri. Kuma na ce mai tumatir yana gyara, mai nama yana gyara, ni da na fito ƙasar Maradi in kasa? In ka ce in yi maka mai kilo ashirin, mai ashirin da uku za ka tafi da ita, ban kuwa faɗa maka ba, don alherin da aka yi shelarsa ya rage daraja. Shekara da shekaru ina haka, ba wanda ya dawo da ƙorafi. Kasuwa ta dawo, har daga Doso ana aikowa.

To, ana nan sai ga Metir Sumana. Tsohon malamin wasanni ne na lakwal, wato makarantar boko, ya yi ritaya ya buɗe ɗan sal a Harobanda, hayin kogi. Shi ba kumbura ƙirji yake koyarwa ba. Wasan nan yake koyarwa na fizgo nauyi daga ƙasa a ɗora a ƙirji, a cilla shi sama da kai, wanda ake gasarsa tsakanin ƙasashe. Ya miƙo mini takarda ya ce sandar mata yake so. Ya rubuta komai: kauri milimita ashirin da biyar, nauyi kilo goma sha biyar, ban da tsaga a tsakiya, bakunan biyu inda ake zura faifan nauyi su riƙa juyawa.

"Bagobiri," ya ce, "ka dai iya karatu ko in karanta maka?"

"Tafi can," na ce. "Tun kana koya wa yara tsalle nake wannan aiki."

Da ya fita na dubi takardar na yi tsaki. Milimita ashirin da biyar? Tsinken tsire ke nan. Bakuna su riƙa juyawa? A wurin mai walda, abin da ke motsi abin kunya ne, alamar ba a liƙa da kyau ba. Na ce wannan Bazabarme bai san abin da yake so ba, bari in taimake shi. Na ɗora butar shayi a kan takardar, na yi masa sanda irin tawa, mai kauri, na liƙe bakunan ƙam, na yi tsaga mai zurfi har tsakiya, na ƙara gyara. Ranar da aka zo ɗauka shi yana gidan biki, wani ya aiko. Na ji daga baya ya yi ta mita a kan bakunan, amma da babu gara ba daɗi, ya ci gaba da aiki da ita.

Bayan wata biyu, da hantsi, taksi ya tsaya bakin shago, rabin sanda a waje ta taga an ɗaura mata jan ƙyalle. Wata budurwa ta fito, ba za ta wuce shekara ashirin ba, ba doguwa ba, sanye da hijabi da takalmin wasa. Ta zaro sandar da hannu ɗaya ta jingine a bangona. Metir Sumana ya fito bayanta yana share zufa. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta tambayi aiki da iyali, sannan ta ce:

"Baba, sunana Rakiya, daga Saga. Ka yi haƙuri, sandarka ba kilo goma sha biyar ba ce."

Na ce, "'Yata, wa ya gaya miki?"

"Hannuna. Buhun shinkafa nake ɗauka tun ina ƙarama. Na faɗa wa Metir, ya ce ragwanci ne."

Metir ya ce, "Ni na ce Isufu shekara talatin yana aiki, ba zai yi kuskuren awo ba."

Na yi murmushi abina, don ni na san ba kuskure ba ne. Muka ɗauki sandar zuwa wurin maƙwabcina mai sayar da ƙusa da waya, muka aza a balans ɗinsa. Kilo goma sha tara. Na gyara tsayuwa, na ce da alfahari, "Ai gyara ce na yi muku."

Metir ya dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi! Gyara? Gero muka zo saye?"

Rakiya ba ta yi dariya ba. Ta naɗe hannun rigarta ta nuna mini wuyan hannayenta. Duka biyun sun kumbura, sun yi suntum. Ta janye hijabi kaɗan daga ƙasan wuya, ga wurin ya saɓule, tsagar tsakiyar nan tawa ta kankare fata. Ta kama sandar ta nuna mini yatsunta ba sa zagayewa su rufe babban yatsa yadda wasan yake so, kaurin ya fi ƙarfin tafinta.

Sannan Metir ya warware mini zancen. Saura sati uku a yi gwajin zaɓen waɗanda za a ɗauka a riƙa horar da su. A ajin nauyinta, sai wadda ta kai kilo saba'in sama da kai. Mahaifinta, Malam Saini, ya ba ta daga girbi zuwa dashen shinkafa kawai. In an ɗauke ta, ya sake ta. In ba a ɗauke ta ba, ta koma fadama, kada ya ƙara jin zancen ƙarfe. A lissafin Metir, wata guda ke nan ta maƙale a sittin da biyar, ko ɗigo ba ta ƙara ba, ga hannu na ciwo. Daren jiya ta ce masa ta haƙura, za ta koma gida tun kafin ta kunyata a gaban mutane, sai dai tana son a auna sandar ko don ranta ya kwanta.

Na yi lissafi a kaina. Sittin da biyar da gyarata huɗu, sittin da tara. Yarinya saura mata kilo ɗaya, ni na sa ta ɗauka saura biyar, na kuma kusa karya mata hannu a kan hanya. Wallahi kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Garin neman ƙiba na samo wa mutane rama.

Na ce, "Metir, ina takardar nan taka?" Ya ce ai tana wurina. Na nemo ta, ga zoben gindin buta a tsakiyarta, amma rubutun yana karantuwa.

"Takarda ba za ta shiga kan Bagobiri ba," in ji Metir. "Taho ka gani da idonka."

Ya kai ni babban ɗakin wasan da za a yi gwajin. Akwai sandar mata ta ainihi guda ɗaya tak a wurin, a kulle take cikin akwati, ba a fito da ita sai ranar gwaji. Mai gadin abokin Metir ne, ya ce ya ba mu minti goma. Na sa yatsa ɗaya na murza bakinta. Jama'a, har muka gama gaisawa da mai gadi tana juyawa, ba ƙara ba girgiza. Na shafa tsagarta, laushi-laushi, tana kama hannu ba ta cizo. Tsakiyarta sumul. Metir ya zura faifai biyu, ya ɗaga ya girgiza, na ga sandar ta ɗan yi lilo ta dawo ta miƙe sak. Ya ce wannan lilon da nake ƙi, shi ke taya mai fizga cilla nauyi sama. Ya kuma nuna mini a hankali yadda hannu ke kifewa ya shige ƙarƙashin sanda lokacin da ta iso ƙirji. In bakuna na juyawa, sanda ta bi hannu, faifai su tsaya inda suke. In an liƙe su, duk murɗawar kilo sittin a wuyan hannu take sauka. Rashin sani ya fi dare duhu. Na auna ko'ina da ma'aunin kauri, na rubuta a bayan takardar.

Matsalar ita ce ƙarfe. Siriri, tsawon mita biyu, wanda zai lanƙwasa ya dawo. Ƙarfen gini in ya lanƙwasa ya lanƙwasa ke nan har abada. Na kwana biyu ina zagaya Katako, na kawo guda biyu. Na gitta kowanne a kan duro biyu, na kira mai ƙusa da wani mahauci mai jiki suka zauna a tsakiya. Na farko ya zama baka. Na biyu ma haka, har mahaucin ya faɗi zaune, unguwa ta yi ta dariya, ni kuwa ba dariya a bakina don kwana na tafiya.

Rakiya ce ta ce akwai wani mataccen injin ban ruwa a bakin fadamarsu, ta taɓa ganin an zaro masa wata doguwar sanda siririya an yar cikin ciyawa. Amma sai an bi ta hannun babanta, shi ke cikin shugabannin manoman. Muka tafi Saga da yamma. Malam Saini yana cikin ruwa har gwiwa yana duba irin dashe. Dogo ne, baƙi, ba ya son yawan magana. Muka gaisa, na faɗa masa laifina ban rage komai ba.

Ya dube ni ya ce, "Kai ne ka kusa dawo mini da 'yata gida? Ai da na sani da na aiko maka da goro."

Na ce, "Malam, ko Bazabarme ba ya murna da kumburin hannun 'yarsa."

Ya wanke ƙafa, ya hau kan gaɓa. "Gaskiya ni na fi son ta dawo," ya ce. "Ba ni da kamarta a gona. Amma in za ta faɗi, ta faɗi da ƙarfinta. Ba na son a ce ƙarfen wani Bagobiri ne ya kayar da ita." Ya je ya yi magana da abokan shawararsa, suka sayar mini da sandar a kuɗin tsohon ƙarfe, shi da kansa ya ɗora ta a amalanke.

Da na kankare tsatsar na aza ma'auni, milimita ashirin da biyar da 'yan kai. Na gitta ta a duro, na sake kiran mahauci. Ya ce sai na ba shi tabarma a ƙasa tukuna. Suka zauna su biyu, ta lotsa. Suka tashi, ta miƙe sak kamar ba a taɓa ta ba. Na yi kabbara har masu wucewa suka waiwayo.

Kwana biyar na yi a kanta. Tur ɗina gajere ne, sai na fere rabi na juya na fere ɗaya rabin, ina tallafe bakin da ya fito waje da katako. Lokacin zafi ne, kuran, wato wutar lantarki, yana zuwa yana tafiya, in ya ɗauke in zauna in yi ta kallon waya kamar mai jiran baƙo. Tsagar ta fi ba ni wuya, don hannuna ya saba da dannawa. Na gwada a guntun ƙarfe sau shida, Rakiya na zuwa tana shafawa tana cewa, "Baba, har yanzu tana cizo." Na bakwai ta ce ya yi. Bakunan na yi su da bututu mai kauri, na sa rulma a ciki, wato zoben nan mai 'yan ƙwallaye da ke cikin tayar babur, biyu-biyu kowane gefe, na cika da man giris. Na murza. Ba ta kai ta cikin akwati daɗewa ba, amma tana juyawa, kuma ba ta girgiza.

Sai awo. Balans ɗin mai ƙusa ya ce goma sha biyar. Ban yarda da shi ba, na kai ta wurin mai sayar da kifi, nasa mai lamba ne yana nuna har giram. Goma sha biyar da giram ɗari huɗu. Wallahi sai da zuciyata ta ce mini, haba Isufu, giram ɗari huɗu ai ko gyara ba ta kai ba, bar ta. Na tsaya ina faɗa da kaina a gaban mai kifi. Tunda nake ban taɓa rage wa mai saye kaya ba, a gidanmu abin kunya ne. Na koma shago na ɗora bakunan a tur, ina ferewa ina jin kamar sata nake yi. Sau uku ina komawa, har mai kifi ya ce in na sake zuwa sai na sayi karfasa. Na huɗu lamba ta tsaya cif. Na sayi karfasar.

Na kai ta Harobanda da kaina. Saura kwana goma sha biyu. Metir ya hana Rakiya taɓa nauyi mai yawa sai kumburi ya saɓe, kwana biyar tana fizgar sanda tsirara ba faifai, tana koyon saurinta, don ta saba da mai gardama, wannan kuwa kafin ka ce me ta iso ƙirji. Ranar farko har ta buge haɓa. Ta yi dariya ta ce, "Baba, wannan ba a roƙonta." A kwana na tara ta ɗaga sittin da takwas. Metir ya ce ya isa, sauran a bar wa ranar.

Ranar gwaji na rufe shago, na sa babbar riga. Bayan azahar aka fara. Mutane ba su da yawa, 'yan'uwan masu wasa ne da 'yan kallo kaɗan a kan benci. Ina zaune sai ga Malam Saini ya shigo, da hularsa ta kaba, laka ba ta gama fita daga duga-dugansa ba. Rakiya ta ce mini bai taɓa ganin tana ɗagawa ba ko sau ɗaya. Ya zauna kusa da ni ya ce shi fa ya shigo gari sayen taki ne, ya ga hanya ce. Na ce haka ne, kowa ya san taki a ɗakin wasa ake sayar da shi.

Sau uku ake ba kowa. Aka fito da sandar akwati. Na farko Metir ya sa mata sittin da bakwai, ta ɗaga kamar tana sauke tulu. Na biyu aka sa saba'in. Ta fizga, ta kai ƙirji, ta miƙe, ta cilla sama, hannun hagu ya lanƙwashe, ƙarfe ya dawo ƙasa da ƙara. Wannan hannun ne ya fi kumbura, na kuma san wanda ya kumbura shi. Na ga Malam Saini ya cire hula ya riƙe a hannu yana murza bakinta.

Ta koma gefe, Metir yana yi mata magana da Zabarmanci ƙasa-ƙasa. Ta shafa farin gari a hannu. Ta dawo, ta tsaya, ta daɗe tana kallon sandar. Ta kama, ta rufe babban yatsa, ta fizga. Ni dai bakunan nake kallo, na ga faifai sun tsaya cik sanda ta juya a cikinsu. Ta tashi da ita a ƙirji. Ta ja numfashi. Sai wata murya ta tsage ɗakin daga gefena, Malam Saini ne a tsaye yana ihu da Zabarmanci, irin ihun da ake yi wa shanun huɗa in sun maƙale a laka. Ta cilla, ta buɗe ƙafa, hannu biyu suka miƙe sak. Ta haɗe ƙafa ta tsaya, ƙarfe na rawa a sama, har alƙali ya sauke hannu.

Na yi tsalle da babbar riga, ban san na iya ba. Metir ya rungume ni yana cewa Bagobiri ya yi abin kirki sau ɗaya a rayuwarsa, a rubuta. Aka kira sunan Rakiya cikin waɗanda aka ɗauka. Ta zo ta durƙusa gaban babanta, shi kuwa ya mayar da hula ya ce, "To, madalla," kamar ba shi ya yi ihu ba.

Da mutane suka ragu, kafin a kwance faifan, Malam Saini ya ce wa mai gadi ya ɗan dakata. Ya hau wurin, ya tofa yawu a tafi, ya kama sandar. Mutum ne mai ƙarfi, shekara arba'in yana noma. Ya ɗaga ta har cinya, ya yunƙura zai kai ƙirji, ta ƙi. Ya sake yunƙurawa, ta ƙi. Ya ajiye a hankali, ya tsaya yana kallonta, sannan ya dubi 'yarsa tana can tana kwance igiyar takalmi.

"Malam Isufu," ya ce, muryarsa ta sauya, "tun tana shekara goma sha biyu nake ɗora mata buhu a ka. Ban taɓa tambayarta ko da nauyi ba."

Ya sauko, ya je ya karɓi jakar kayanta daga hannunta. Ta ce, "Baba, bar shi, ba nauyi." Bai saurare ta ba. Ya ɗora jakar a kansa, ya shige gaba, shi ya ɗauke ta har Saga.